Godiya Bayan Sake Kafa Kwale-kwalen Baba

Assalamu alaikum. A madadin 'yan walda, maƙera da masu zubin tagulla da suka tashi a hannun Baba masassaƙi a nan Legas, muna gode wa Allah da ya nuna mana kammala gyaran kwale-kwalen tagullar nan na ado da mayar da shi mazauninsa a shataletale, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Wannan shi ne babban aikin farko da aka ba Baba tun yana da ƙuruciya, kuma shi ya roƙa a gyara kafin ya ajiye guduma.

Baba, mun gode. Ka fara da siminti a kan ragar waya, ka koma zubin tagulla, ka taɓa faiba, wato roba mai zaren gilashi, lokacin da kowa ke rububinta saboda araha, daga baya ka koma haɗa tsofaffin ƙarafa da walda. A duk tsawon nan ba ka taɓa tilasta wa yaranmu Musulmi aikin siffar mai rai ba. Ka ba su tushe, ƙashin ciki, jirage, ganguna da zanen ƙofofi, kuma ka biya su daidai da kowa. Allah ya saka maka da alheri.

Ga waɗanda suka yi ta tambayar me ya sami aikin har aka sauke shi, ga bayani, domin ciwo ɗaya ne ke cin yawancin ayyukan ƙarfe a garin nan. Fatar tagulla siririya ce, kaurinta bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, don haka akan sa mata ƙashin ƙarfe a ciki. A da baƙin ƙarfe ake sawa. To, duk inda baƙin ƙarfe ya haɗu da tagulla, ga danshi, ga gishirin da iskar teku ke ɗaukowa, baƙin ƙarfen ne ke cinyewa, kuma da sauri fiye da yadda zai yi in shi kaɗai ne. Tsatsa tana kumbura ta ninka jikin ƙarfen da ta fito daga shi, sai ta tura fatar daga ciki har ɗinkin walda ya tsage. Ruwan sama ya shiga ta tsagar, bai sami mafita ba, ya kwanta a cikin kwale-kwalen damina bayan damina. Daga waje mutum zai ga ja-ja na tsiyaya a gefe ya ɗauka datti ne, alhali ƙashin ciki ya riga ya rube.

Godiya ta musamman ga 'yan waldarmu na Agege da Idi-Araba. Sun buɗe fatar ta kan tsofaffin ɗinki kawai, ba su yanka sabon wuri ba. Sun fitar da ruɓaɓɓen ƙarfen, suka gina sabon ƙashi da sitenles, ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 316, wanda ya fi mai lamba 304 jure gishiri. Duk inda ƙashin ya taɓa fata an sa washar roba a tsakani. An huda ramukan tsiyayar ruwa masu faɗin milimita 10 a wuraren da suka fi gangara, da wasu a ɓoye ta sama don iska ta riƙa zagayawa. Rufewar kuwa da walda mai iskar gas ta agon aka yi ta, da sandar tagulla, guntu-guntu ana bari yana hucewa, saboda tagulla na jan zafi ta watsa shi, in aka matsa mata sai ta lanƙwashe.

Filafilai biyu da ɓarayi suka datse sai da aka zuba sabbi. Muna gode wa 'yan uwanmu 'yan gwangwan na Owode Onirin da suka zauna suka tsince mana jan ƙarfe tsantsa, suka ware kawunan famfo da kwaɗuna gefe. Wannan tsintar ba ƙaramin aiki ba ce: farin ƙarfen famfo yana da tutiya da dalma, in ya shiga tukunya sai ya yi ta tayar da farin hayaƙi, launin zubin kuma ya saɓa da tsohon jiki. Haɗin da ake so shi ne kusan kashi 90 jan ƙarfe, kashi 10 kuza. Masu zubi sun bi hanyar kakin zuma, irin wadda ake yi a titin Igun na birnin Benin: a siffanta da kaki, a lulluɓe da laka mai ɓuntu, a bari ta bushe ƙayau, a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakken ƙarfe yana wajen digiri 1,100. In da sauran danshi a lakar, tururi zai cika zubin da ƙananan ramuka, ko ma ya watso wuta a jikin mai zubawa. Sun kuma ƙara wa siffar kakin ɗan girma, domin tagulla na tsukewa in ta huce. Sannunku da wuta.

Magina ma sun cancanci yabo. Tsohon dakalin an zuba shi da yashi mai gishiri, rodin kuma ya yi kusa da fuska, shi ya sa kankaren ya yi ta ɓarewa. Sabon an yi shi da wankakken yashi, awo ɗaya na siminti, ɗaya da rabi na yashi, uku na tsakuwa, aka bar milimita 50 tsakanin rodi da waje. An lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ba a ɗora masa nauyi ba sai da ya cika kwana 28. Masu ba da kwangila kan ƙagu a nan saboda ranar buɗewa, amma shugabannin unguwa sun yi haƙuri sun ɗage bikin. Mun gode.

Abu ɗaya da Baba ya dage a kai shi ne kada a binne ƙafafun aikin a cikin kankare. An ɗaure shi da ƙusoshi masu noti a kan faranti, yadda za a iya kwance shi cikin dare ɗaya. Yana da gaskiya, don a Legas hanya kan canja. Mutum-mutumin mawaƙi Fela da Abolore Sobayo ya yi, wanda aka kafa a shataletalen Allen da ke Ikeja a 2017, bayan 'yan shekaru sai da aka ɗauke shi lokacin da aka cire shataletalen don rage cunkoso. Haka gumakan dattawan nan uku masu yi wa baƙin Legas maraba, da Bodun Shodeinde ya yi a 1991, an sauya musu mazauni. Ayyukan masassaƙi Ben Enwonwu kuwa, Anyanwu a gidan tarihi na Onikan da Sango na 1964 a Marina, sun nuna irin daɗewar da tagulla ke yi a iskar garin nan, kuma Baba kan tura sabbin yara su je su dube su da ido kafin ya ba su sandar walda.

Muna gode wa direban motar ƙugiya da yaransa, da suka ɗaga da bel maimakon sarƙa don kada a karce launin, da jami'an hanya da suka tsare mana titi tsakar dare, da mai shayin bakin shataletale da ya ƙi rufe teburinsa har asuba. Sarkin Hausawan unguwa da limamai sun zo sun sa albarka, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu mata da suka dafa abincin walima, Allah ya biya ku.

Sauran roƙo ga hukumar da ke da wurin da maƙwabta. A wanke aikin da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi da burushi mai laushi, a shafa masa kaki sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Kada a sa masa asid ko burushin waya, kada kuma wani ya yi masa fentin zinare da sunan ƙawata shi, don fenti na kulle danshi a ƙarƙashinsa. Masu manna fosta su yi wa Allah su nemi wani bango. In aka ga wani kore mai haske yana fitowa kamar gari, ba irin koren da ya kama jiki ba, to gishiri ne ya fara cin tagullar, a sanar da shagon Baba da wuri. A kuma riƙa zura waya a ramukan tsiyayar nan, don ƙura da gidan zanzaro na toshe su.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa ya huta cikin rufin asiri, ya ba duk wanda ya sa hannu ladan wahalarsa. Amin.