Littafin Hajiya

Shekara uku ke nan da Yaya ya koma Ingila da iyalinsa. Tun ranar da muka raka su filin jirgin Malam Aminu Kano, Hajiya ta rage hira. Autansu, wanda take kira angonta, yanzu da ƙyar yake haɗa Hausa.

Kwanaki matar Yaya ta turo hoton wani littafin Turanci da aka ba yaran a makaranta, labarin wata kaka da jikanta da ke nesa. Hajiya ta daɗe tana kallon zanen, sai ta ce, "To mu ba mu da namu ne?"

Daga nan muka soma. Bayan sallar isha'i ta zauna kan tabarma, carbi a hannu, tana faɗa ina rubutawa. Akwai Gizo da Ƙoƙi, akwai ranar da ta fara hawa dutsen Dala tana yarinya, akwai yadda mahaifinta yake kai ta Kasuwar Kurmi sayen turare. Labari 11 muka tara. Na kai wa wani mai buga littattafai, muka saka hotunan gida, har da rijiyar da take hana yara leƙawa.

Wata 'yar uwa ce ta tafi musu da shi. Daren Juma'a suka kira ta WhatsApp. Yaron ya buɗe shafin farko, ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," harshe na ta sarƙewa.

Hajiya ta ce, "Ta zo mu ji ta, angona," tana share ido da bakin mayafi.

Wallahi sai da na tashi na fita tsakar gida.