Rami uku a bayan gida

Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, Indiyanapolis, Amurka

Sanyi ne ya tashe ni kafin kiran sallah na waya. Injin ɗumama gidan nan ya sake tsayawa, karo na biyu a wata ɗaya. Ya kusa shekara 20, da shi muka sayi gidan. Na ƙara wa yara bargo, Baban Sadik ya sauka ƙasa ya yi ta fama da shi har ya tashi.

Ƙarfe goma mutumin da muka kira ya iso, mai sa injin da ke jawo ɗumi daga cikin ƙasa. Ya zagaya bayan gida da abin awo, ya duba tagogi da rufi, sannan muka zauna a falo ya zana mana a takarda. Idan aka nutsa ƙasa sosai a wannan yankin, ɗuminta ba ya wuce digiri 11 zuwa 13, ko ana ƙanƙara ko ana zafi. Sai a haƙa rami, a zura bututun roba mai ƙarfi, ruwa da maganin hana daskarewa su riƙa zagayawa ciki. Da hunturu su kwaso ɗumin ƙasa su kawo cikin gida, da bazara su kwashe zafin gida su kai ƙasa. Wutar da injin ya ci, yakan mayar da ninki uku ko huɗu na ɗumi.

Yana bayani ni kuwa hankalina ya tafi rijiyar gidanmu a Katsina. Da sanyin hunturu idan aka ja guga da sassafe, ruwan da ɗumi-ɗumi yake fitowa, da bazara kuma ya fito da sanyi. Inna takan ce a yi alwala da na rijiya, na randa ya kwana a waje. Ashe abin da ake sayarwa ke nan a nan.

Sai ya juyo da takardar farashi. Dala 36,000. Kusan rabin kuɗin na haƙa ne kawai: rami uku, kowanne ƙafa 200. Na tambaye shi ko babu mai sauƙi. Ya ce akwai wanda ake kwantar da bututun a dogon kwari mai zurfin ƙafa 4 zuwa 6, ya fi araha, amma yana son fili, namu kuwa bai kai ba. Injin gas sabo haɗe da na sanyaya ɗaki, ya ce zai sa mana a kan 12,000.

Abin da ya sa muke gaggawa shi ne rangwamen haraji. Dokar 2022 ta ba da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin aikin, amma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin bana ta yanke shi daga ƙarshen Disamba. Dole a gama aikin zuwa 31 ga Disamba. A lissafinmu dala 10,800 ce, saura 25,200. Kuma ba kuɗi ake ba mutum a hannu ba, daga harajin da ake bin ka ake cirewa, sai ka fara biya duka tukuna. Masu haƙa kuma kowa na nemansu yanzu.

Mai sa injin ya kawo maganar bashin banki. Baban Sadik ya ce masa a'a cikin ladabi, ba ma cin bashi mai ruwa. Abin da muke da shi shi ne ajiyar da muke tarawa don ƙarasa ginin Katsina.

Nan ne maganar ta tsaya mini a rai. Ban yi shakkar abin yana aiki ba. Jami'ar Ball State da ke Mansi, tafiyar kamar awa ɗaya daga nan, ta haƙa irin waɗannan ramuka fiye da 3,000, ta daina ƙona gawayin kwal a 2014. Bututun da ke ƙasa yakan wuce shekara 50, injin cikin gida kamar 25. Amma kafin ragin kuɗin wuta da gas ya biya bambancin, shekaru ne masu yawa, kuma ba abin da za ka tone ka tafi da shi ba ne.

Bayan la'asar na ce, "Baban Sadik, shekara nawa muke cewa sai baɗi za mu koma?" Ya yi shiru, can ya ce, "Sadik yana aji tara. Amira ba ta san ko'ina ba sai nan." Ban amsa ba, don na san gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini nauyi.

Kafin magariba na fita bayan gida. Inda mutumin ya kafa 'yan tutocinsa, daidai wurin da nake shuka yakuwa da kuɓewa ne duk bazara. Motar haƙa za ta tattake shi gaba ɗaya. Na tsinke sauran busassun kuɓewar da na bari don iri, na zuba a kwalba.

Mun ce za mu yi istihara yau da dare. Mai sa injin ya ba mu zuwa Juma'a, bayan nan mai haƙa zai ba wani ranar.