Lissafin shekarar farko, daga buhun gero

Ɗalibin tattalin arziki ya fara da daidaita buƙata da wadata. A ce buhunan geron da masu saye ke nema a kasuwar Maraɗi Q = 100 − 2P ne, na masu sayarwa kuma Q = 20 + 2P, P kuɗin buhu ne a lissafin jika (jika ɗaya sefa 1,000 ce). Daidaita su: 80 = 4P, buhu jika 20, buhu 60 za a sayar. Wanda ya tsallakar da −2P bai juya alama ba, P ɗinsa sai ya ɓace gaba ɗaya.

Tarkon da ya fi kama 'yan Maraɗi shi ne dala. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika dala 200. Zaɓi ma'auni guda tun layin farko, in ka gauraya dala da sefa amsa ta karkace ninki 5.