Zanen da ke Jikin Taya Yana da Mai Shi

A makon jiya wani direban tirela da ke ɗaukar kaya daga Apapa zuwa Kano ya shigo shagon tayoyi na yayana da ke Agege, inda nake taimakawa da lissafi. Bai tambayi sunan kamfani ba. Durƙusawa ya yi, ya bi ramukan wata taya da babban yatsansa, sannan ya ɗago ya ce: "Alhaji, mai irin wannan zanen nake so, ita ce take kai ni ta dawo da ni." A jikin bango kuwa tayoyi biyu ne a jingine, zanensu kusan ɗaya, kamar an tsaga kara, amma sunayensu daban, kuɗinsu ma akwai tazara mai yawa.

Yawancin masu saye da muke gani haka suke, da ido suke gane taya, kuma masu kwaikwayo sun san da wannan sarai. Shi ya sa manyan kamfanoni ba sa barin zane a sake. Kafin sabuwar taya ta fito kasuwa, sukan kai hoton zanenta ofishin rajista, a rubuta cewa wannan tsari na layuka da ramuka nasu ne. A Amurka kariyar tana ɗaukar shekara 15 ga duk wanda ya nemi rajista daga 13 ga Mayu, 2015, kafin nan kuwa shekara 14 ce. A Najeriya dokar haƙƙin ƙirƙira da zanen masana'anta ta 1970 ita ke aiki: ana yin rajista a Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, a ba da shekara 5, a kuma iya sabuntawa sau biyu, jimla 15. Idan rigima ta tashi, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraro.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a dokar Najeriya shi ne cewa ado take karewa, watau kamannin da ido ke gani, domin ta fito fili ta cire duk siffar da aka yi ta don aiki kawai. To, a taya ina ado ya ƙare, ina aiki ya fara? Ramukan nan da suka zagaye taya su ne hanyar da ruwa ke bi ya fita daga ƙarƙashinta, wanda duk ya taɓa tuƙi a kan gadar Third Mainland a tsakiyar damina ya san darajarsu. Ƙananan tsagin da ke kan kowane tudu suna ƙara riƙon kwalta, hatta bambancin girman tudun da gangan ake yinsa don rage ƙara. Hujjar da kamfanoni ke kafawa ita ce, akwai hanyoyi da dama na fitar da ruwa, saboda haka wadda suka zaɓa, da lanƙwasarta da kusurwarta, ado ce. A ganina hujjar tana da ƙarfi, ko da yake wani lokaci ana ja mata wuya fiye da kima.

Sai dai rajistar wata ƙasa ba ta tsallaka iyaka, wanda ya yi a Amurka ko Japan bai kare kansa a Legas ba sai ya yi a nan. Ga shi kuma tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, tayar mota a kwantena take zuwa mana, kuma duk wanda ya zaga kasuwar Ladipo ko ta Trade Fair a Legas zai ga zanen da ya sani ɗauke da sunan da bai taɓa ji ba. Mai kwaikwayo yana iya ɗaukar zane daga hoto, amma haɗin robar da wayoyin ƙarfen da ke ciki ba sa fitowa a hoto, kuma su ne ke jure zafin hanya da nauyin kaya.

Yayana bai ɓoye wa direban komai ba. Ya mirgino tayoyin biyu zuwa bakin ƙofa inda haske yake, ya nuna masa sunan da ke gefen kowacce, da lambobi huɗun nan masu faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta. Mutumin ya daɗe yana dubawa, ya kira maigidansa a waya, suka yi ta lissafi. Daga ƙarshe ya ɗauki biyu na asali domin gaba, ya ce na baya sai ya dawo daga Kano.