Ranar da ƙasa ta motsa a Accra

Har yau ban manta da 12 ga Disamba, 2022 ba. Ina shago a unguwar Nima a Accra, gab da azahar, sai na ji kwalabe na kaɗawa a kan kanta, ƙasa ta yi wani gurnani ƙarƙashin ƙafata. Salati kawai nake yi.

Da na kira Inna a Tamale, arewacin Ghana, cewa ta yi: "Ɗan nan, girgizar me? Mu nan ko ganye bai motsa ba."

Gaskiyarta. Ni ma a arewa na tashi, ban taɓa jin irin wannan ba sai da na zo kudu. Ashe akwai tsagewar dutse a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya ta bi tsaunukan Akwapim, ɗaya ta bi gaɓar teku, kuma a yammacin Accra suke haɗuwa. Shi ya sa mutanen Weija da Kasoa suka fi kowa jin girgizar ƙasa. A 1939 ma ta yi mai ƙarfi, mutum 17 suka rasu.

Abin da ke hana ni barci shi ne benayen da ake ta ɗorawa a gangaren duwatsun Weija, wasu ba tare da injiniya ya duba harsashin ba. Yara ne ke kwana a ciki. Allah Ya tsare mu.