Kujerun bashi a ɗakin da babu randa

Ɗan yayata ya sami aiki, ya kama ɗaki ciki da falo a unguwar Zariya a nan Maradi, ya zo gaishe ni bayan la'asar. Na yi masa murna har cikin raina. Muna cikin hira sai ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi salon ɗin da zan ɗauka." Kujerun kushin ne manya baƙaƙe, da teburin gilashi a tsakiya, da talabijin da ta kusa cinye bango. Na tambayi kuɗi, ya ce ba damuwa, mai shagon ya yarda a riƙa biya duk ƙarshen wata. Na ce katifa fa? Ya ce wadda ya yi karatu da ita tana nan. Na ce ruwan sha? Ya ce firiji na tafe in an gama biyan kujeru.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har ya lura ya mayar da wayar aljihu. Bai san cewa kaina nake gani a zaune a gabana ba.

A ƙarshen 1993 na kama ɗakina na farko a Sabon Gari, cikin gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Ni ne na farko a gidanmu da ya taɓa karɓar albashi. Kafin in kwana a ɗakin na je wurin wani alhaji mai shigo da kaya daga Katsina ta Jibiya, na ɗauki kujerun kushin, da kafet mai laushi daga bango zuwa bango, da rediyon kaset mai lasifika biyu, da kabad mai gilashi wanda ba ni da abin da zan jera a ciki. Na ba da kafin alƙalami, saura bashi. Ranar da amalanke ya sauke kayan, matan gidan suka fito suna kallo, ni kuwa na ji na zama mutum.

Sai ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, tun daga magani har madarar gwangwani, ga albashi a shekarun nan yana jinkiri, wata ya ƙare ka shiga wani ba ka ga komai ba. Alhajin bai zalunce ni ba, bai ƙara mini ko dala ba, amma yaronsa yana zuwa ƙofata da sassafe, ya yi sallama da ƙarfi yadda kowa a gidan zai ji. Na koyi fita kafin a sallame asuba. Na koyi canza hanya in zan shiga Babbar Kasuwa. Ina zaune a kan kujerar da ta fi ta shugabana a wurin aiki kyau, ina jiƙa garin rogo da ƙuli.

Ko da babu bashin, kayan ba na garin nan ba ne. Da hunturu ya shigo, ƙura ta shige cikin kafet, in ka taka sai ta tashi, na yi ta tari har sanyi ya wuce. Da bazara ta kama, a watan huɗu da na biyar, ba mai iya zama a kan kushin, yana tsotse zufa yana mayar maka da zafi. Ni da sauran mazan gidan duka a tsakar gida muke kwana a kan tabarma, kujeruna suna ciki a kulle. Da damina ta sauka kwanon ya yi yoyo ta kusurwa ɗaya, ruwa ya bi ƙarƙashin kafet, ban ankara ba sai da wari ya cika ɗakin. A ƙuryar ɗaki kuwa, inda ba mai shiga, katifar soso ce siririya a ƙasa, da kayana a cikin buhu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne zuwan mahaifina daga ƙauyenmu na wajen Madarunfa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi kafet, ya dubi ƙafafunsa da ƙurar hanya, ya ƙi shiga. Na roƙe shi, ya ce a kawo masa tabarma. Ba ni da tabarma mai kyau, sai da na aro ta maƙwabciya. Ya nemi ruwa, ba ni da randa, na aiki yaro ya sayo ƙanƙara. Ya nemi buta, ita ma ta haɗin gida ce, tana hannun wani. Bai yi mini faɗa ba. Da zai tafi ya ce, "Allah ya sa ka gama biya lafiya," alhali ban faɗa masa bashi ba ne.

Amma fa ba zan ce hauka zalla na yi ba, kuma ba na son yaran yanzu su ɗauka haka. Maradi garin alhazai ne, garin da ake duba shaddar mutum kafin a amsa sallamarsa. Ina neman aure a lokacin, abokan ƴan uwan yarinyar suna zuwa ɗakina shan shayi, kuma abin da suka gani suna kai shi gida. Yaron da ya tashi a ɗakin kara, ya yi lekol da ƙafa ba takalmi, in ya sami albashi yana so duniya ta shaida. Wannan ba laifi ba ne. Kuma kujerun nan sun yi ƙarko, ƙanena ya gaje su. Wani lokaci ina cewa da ba a karya sefa ba da na biya salin alin, da yanzu ba ni da labarin bayarwa. Sai kuma in tuna cewa tun kafin Janairu lissafin bai fita ba, na sani, na rufe ido. Auren ma sai da aka ɗaga shi, saboda kuɗin da ya kamata su tafi can suna tafiya wurin alhaji. In na tuna wannan, duk hujjojina sai su yi sanyi.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari da yawa, ku masu kama ɗakin farko, har na jera su a takarda. Da na duba sai na ga yawancinsu surutu ne.

Kada ku sa komai a ɗakin sai kun gyara shi yana wayam. Ku je ku gan shi da azahar, lokacin da kwano ya ɗauki rana, ba da magariba ba lokacin da dillali ke so. Ku tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi da damina. Garin nan ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta kore shi daga kwari ya hau tudu, kuma har yau ruwan sama yana neman hanyarsa ta gangarawa, yana cin tituna yana shiga gidajen da ƙofarsu ta yi ƙasa. Ku toshe ramin ɓera da tsagar bango da siminti, ku sa a liƙe yoyon kwano, ku shafe bango da farar ƙasa in fenti ya fi ƙarfinku, a zuba mata ɗan gishiri ko ƙaro don ta rage bin riga. Ku yi magana da mai gida a gaban shaida a cire kuɗin gyaran daga na haya. Farin bango mai tsabta da ƙasa a share ya fi kowace kujera nuna cewa babba ne ke zaune a wurin. Ku kuwa kun fi son ku manna takardar bango mai walƙiya a kan tsaga, ku ɗauki hoto ku ɗora a TikTok, kyankyaso yana bayanta yana haihuwa.

Sannan barci. Maganata ita ce kada ku ci bashi, kuma ina nan kan bakana, amma in har za ku matse kanku a kan abu ɗaya, to katifa ce. Ku shiga adashe saboda ita in ta kama. Ku sa mai walda ya yi muku gadon ƙarfe mara ado, ko kafinta ya haɗa na katako, don a ɗaga ta daga ƙasa, iska ta bi ƙarƙashi, akwati ya sami wurin ɓuya. Ku ɗaura sange, ku sa raga a taga. Zazzaɓin cizon sauro ɗaya a watan takwas zai cinye muku abin da ya fi kuɗin ragar, ban da kwanakin aiki da za ku rasa. Zanen gado biyu daga ƴan bosho sun isa, ɗaya a kai ɗaya a wanki. Kuma ku wanke da kanku. Na ga samari masu gemu suna ƙulle wanki a leda suna hawa kabu-kabu su kai wa ƙannensu mata a gida, sannan su ce sun zama masu zaman kansu.

Randa kuwa, na san za ku yi dariya. Ku yi. Wanda ya zauna garin nan a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya ga firiji ya koma kabad, ya ga masu randa suna shan ruwan sanyi. Yumɓu yana tsattsafo da ruwa ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi, shi ya sa ta fi yin sanyi da rani lokacin da iska ta bushe, wato daidai lokacin da aka fi bukatarta. A ɗora ta a kan ƙarfe ko a kan yashi a inuwa kusa da ƙofa, a rufe da faifai, a ajiye moɗa guda mai tsabta wadda ba a sha da ita, ta ɗiba ce kawai. Baƙo ya yi sallama, ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa mai sanyi a kofi mai kyau, ka nuna masa buta da darduma da gabas. Wanda ya iya wannan ya riƙe gida, ko ɗakinsa ɗaya ne.

Kamar ina ce muku kada ku damu da idon mutane, ga shi kuma ina ta maganar baƙo. To, haka ne, ban iya raba su ba. Idon mutane yana da muhimmanci, ƙarya ne a ce ba shi da shi. Sai dai ku zaɓi idon wa. Abokan fada za su yaba talabijin yau, gobe su koma ɗakin wanda tasa ta fi girma. Gwaggonka in ta zo, ƙarƙashin gado za ta duba, da bayan ƙofa, da kofin da ka ba ta.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Labule ku sayi yadi mai kauri a kasuwa ku kai wa tela, ku auna tun daga saman taga har ƙasa, kada ku rataya tsohon zanen gado a ƙusa biyu. A waje kuma ku sa asabari, don rana ta tsaya a kansa kafin ta taɓa ƙarfen taga. Yadin da ya rage a ja igiya a kusurwa a rufe kayan sawa da shi. Katako ɗaya a bango ya ɗauki littattafai da Alƙur'ani da turare. Ƙasa a shimfiɗa leda ko tabarmar kaba, abin da za a iya ɗagawa a kakkaɓe a mayar. Kujerun ƙarfe biyu masu saƙar igiyar roba, irin waɗanda ake zama a kai a kowace fada, sun fi kushin dacewa da zafinmu, kuma ana fitar da su tsakar gida da dare. Ƙwan lantarki ku sayi na zamani, mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon mai wat 60 ke bayarwa, ku nemi mai ɗan ja-ja domin farin nan tas yana mayar da ɗaki kamar asibiti. Fitila mai caji da fanka mai caji ko ta sola, su ma kafin talabijin. Tukunyar gaz ƙarama, tukunya biyu, faranti, tire, da garwashin turaren wuta bayan an yi shara. Ba sai a wata ɗaya ba. Kowane albashi abu ɗaya, a biya a ɗauka.

Abin da ke ƙona mini rai da ku shi ne gaggawa. Kuna kwana kuna kallon ɗakunan Dubai a waya, ɗakunan da na'urar sanyi ba ta mutuwa a cikinsu, ƙura ba ta shiga, sannan ku tashi kuna so ku kwafe su a gidan haya mai bayi ɗaya na mutum goma. Mu aƙalla ba mu ga komai ba sai falon alhazai ta ƙofa. Ku kun ga duniya duka, kun yi karatu fiye da mu, kun iya lissafi a waya, amma ba wanda zai zauna ya cire kuɗin haya da na wuta da na ruwa da na abinci da abin da zai aika gida, ya ga abin da ya saura kafin ya je shago. In na yi magana ku ce zamani ya canza. Zafin watan huɗu bai canza ba, mai bin bashi ma har yanzu da sassafe yake zuwa, yanzu ma har da kira a waya.

Kuɗin hayar wata ɗaya ku ajiye shi gefe inda hannunku ba ya kaiwa da sauƙi, kuma duk biyan da kuka yi wa mai gida a rubuta a littafi ya sa hannu, ko da ɗan uwanku ne. In za ku sayi randa ku bari sai ranar kasuwa, Litinin ko Juma'a, ku je da safe. Ku ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta yi ƙara garau lafiyarta lau, in ta yi ƙara a dushe akwai tsaga ko ba ku gan ta ba. Ku tafi da babbar mace daga gidanku, ta fi ku sanin yumɓu kuma ta fi ku iya ciniki, ita ce kuma za ta nuna muku yadda ake wanke sabuwa a turara ta kafin a zuba ruwan sha.