Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tiyon da Ya Fashe Sau Biyu

A makon jiya na tsaya a inda Maigida ya fara barina in taɓa babura masu lagireto, bayan na daɗe hannuna bai wuce waɗanda iska ke sanyaya injinsu ba.

Wata safiya wani mutum ya turo babur ɗinsa gareji, ransa a ɓace. Tiyon sama, wanda ke kai ruwan zafi daga inji zuwa lagireto, ya tsage daf da zoben da ke ɗaure shi. Ya ce a wani wurin an riga an canja masa sabo, shi ma bai yi ƙarko ba. Tun daga nesa ana jin ƙamshin nan mai zaƙi-zaƙi na ruwan sanyaya inji, ga koren ɓawo ya bushe a jikin ƙarfe.

Na ɗaura wani tiyon, na cika ruwa, na fitar da iskar da ta maƙale. Maigida ya ce, "Yaro, tiyo ba ya fashewa haka kawai. Matsa shi ka ji."

Na matsa. Yana lotsawa, yana dawowa, kamar yadda lafiyayyen roba ke yi in inji ya huce. Da baƙin mai ya jiƙa shi, da na ji ya yi laɓo-laɓo ya kumbura. Da tsufa ne, da ya ƙandare ya tsattsage. Muka duba murfin lagireto, wanda aka rubuta 1.1 a kansa. Aikinsa ya riƙe matsi daidai wannan awon, ya saki abin da ya wuce zuwa ƙaramin tanki. Da matsin nan ne ruwan da aka haɗa rabi da rabi da sinadarin sanyaya inji, wanda a buɗe zai tafasa a wajen digiri 107, yake haura 120 bai tafasa ba. Murfin lafiyarsa ƙalau.

"To, tayar da shi, kada ka ɗauke hannunka."

Ko minti ɗaya ba a yi ba, inji bai ko ɗumama ba, tiyon ya yi tauri gam a tafina. Na ce, "Maigida, ai ruwan bai yi zafi ba tukuna." Ya kashe, ya jira, sannan ya rufa tsumma ya kwance murfin a hankali. Har yau ba na yarda kowa ya buɗe murfin nan da zafi, don na ga yadda tururinsa ke saɓule fata. Da muka sake tayarwa, sai ga kumfa na ɓulɓulowa a bakin lagireto ba tsayawa.

Gaskit ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ne ya ƙone, hayaƙin inji na kutsawa cikin hanyar ruwa. Ko tiyo nawa aka saya, haka za su yi ta fashewa. Mai babur ya yi shiru, ya ce a kwance kan.

Abin da muka tarar a ƙarƙashinsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.